Kawu Cha'ibu, Mai Dodannin Gyaɗa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na 1985, ana gab da kama azumi, Allah Ya karɓi ran kawuna, Cha'ibu ɗan Manu, a gidansa da ke nan Matameye, bayan gajeriyar jinya. Da ciwon kai da zazzaɓi abin ya fara, daga baya wuyansa ya sanƙare. An kai shi asibiti, an dawo da shi gida, da hantsi ya cika. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa, Inna Saratu, da 'yarsa A'isha wadda ko tafiya ba ta fara ba.

Kawu, ni ce Balki, 'yar yayarka, wadda kake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarku aka sa mini. Ka san ban iya magana cikin mutane ba. Da ake zaman makokinka, mata na shiga suna fita, kowa na faɗin alherinka, ni kuwa ina maƙale a bayan randa, bakin mayafi a bakina. An ce ba ka wasa da jam'i. An ce kai ne kake ɗebo wa tsohuwar nan ta bayan masallaci ruwa tun da rijiyar unguwa ta ja baya. An ce in za ka tafi cin rani, kai ake ba saƙo, don ba ka taɓa mantawa da saƙon kowa ba. Duk gaskiya ne. Amma ban ji wanda ya ambaci dodanni ba, ni kuma na kasa buɗe baki. Shi ya sa na yagi takarda daga cikin littafin lakwal, wato makarantar boko, nake rubuta abin da ban faɗa ba.

Ga wanda bai sani ba, kawuna manomin gyaɗa ne. Da rani yakan tafi Zariya, yana ban ruwan furanni a gidan wani Bature mai koyarwa. A can ya ga 'ya'yan Baturen suna zama kewaye da tebur, da takardu da wasu ƙananan abubuwa masu fuskoki da yawa da suke jefawa. Ɗaya yana ba da labari, sauran suna ihu, wani lokaci har da kuka. Bai jin yarensu. Mai dafa musu abinci ne ya yi masa bayani: kowane yaro jarumi ne a cikin labarin, shi kuma mai ba da labarin shi ne daji, shi ne hanya, shi ne duk wani mugun abu da za su gamu da shi. In an zo faɗa, abin da aka jefa ne zai nuna wanda ya sari wani. Suna da manyan littattafai na dokokin wasan, masu kauri kamar matashin kai.

Kakan ce mana, "Ni ba ni da littafi, ba ni da tebur. Amma ina da tabarma, ina da baki."

Bara damina ta yaudare mu. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa, ya ƙone a tsaye. Aka kuma rufe iyaka, maza suka rasa hanyar cin rani, suka zauna a gida suna kallon sama. A wannan zaman ne ka share zaurenka, ka shimfiɗa tabarma, ka kira mu yaran unguwa bayan la'asar. Ka ɗauki tsinke ka zana ƙasa guda a kan rairayin da ke gefen tabarmar: ga kogi, ga dutse, ga birnin da ba shi da ƙofa. Ka murza laka ka yi wa kowa jaruminsa. Ƙanena Illa ya zaɓi mai takobi da lifidi, don shi komai sai mafi girma. Shekara, ɗan maƙwabtanmu, ya zaɓi maharbi.

Bari in rubuta dokokin faɗan yadda ka tsara su, don ba a rubuce suke ko'ina ba, a kanka suke, kuma ina tsoron kada su bi ka.

Ka ƙi amfani da wuri, farin kuɗin nan na da, wajen jifa, ka ce wuri na 'yan caca ne da masu duba. Ƙwallon dabino ka tara. Kowane ƙwallo yana da tsaga a gefe ɗaya, gefe ɗaya kuma sumul. Mai kai sara zai ɗauki biyar, ya girgiza a tafin hannu, ya watsa a tabarma. In uku suka faɗi tsagarsu na kallon sama, sara ya shiga. In huɗu ne, ya shiga da zurfi, a cire rai biyu. In duk biyar ne, sai ka miƙe tsaye ka kwatanta mana yadda kan dodo ya yi tsalle ya faɗa cikin kogi. Wanda ake sara in yana da garkuwa, sai a kife ƙwallo ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe. In yana da lifidi a kife biyu, amma mai lifidi shi ne na ƙarshe a kai sara, saboda nauyi. Maharbi yana harbi tun dodo na nesa, amma in dodo ya iso gabansa da ƙwallo uku kawai zai kare kansa. Ran kowane jarumi tsakuwa ne a gabansa. In suka ƙare ya faɗi, amma bai mutu ba tukuna. In wani ya bar nasa saran ya jawo shi baya, ya rayu. In kowa ya shagala da neman suna har zagaye ya dawo, sai ka ɗauki ɗan mutum-mutuminsa ka mayar da shi cikin laka. Sau biyu aka yi wa Illa haka, ya yi kwana biyu ba ya yi wa Shekara magana.

Ni ban so faɗa ba. Ka san irin littattafan da nake arowa wurin 'yan ajinmu, na soyayya masu hotuna, waɗanda bangonsu ya yage, nake ɓoyewa a ƙarƙashin tabarmar kwana. Da ka tambaye ni wane makami nake so, na sunkuyar da kai na ce ni dai ina so a ce akwai wani yarima a ɗaure a cikin birnin. Illa ya faɗi ƙasa don dariya. Kai ba ka yi dariya ba. Ka ce akwai shi mana, tun jiya yake ɗaure yana jira. Sai ka yi mini dokata ni kaɗai, dokar magana: jarumata ba ta sara, lallashin dodo take yi. Yawan ƙwallon da zan jefa kuwa, muryata ce za ta saya mini. In na yi raɗa, ɗaya. In na kusa da ni ya ji, biyu. In na bakin ƙofa ya ji, uku. In mai wucewa a titi ya waiwayo, biyar cif.

"Uwata, ƙara murya, dodon nan kurma ne."

Ban taɓa wuce biyu ba, Kawu. Shi ya sa yariman nan har yau yana ɗaure. Kakan zolaye ni ka ce, "Wannan saurayin naki, gemu ya fito masa a kurkuku."

Akwai ranar da muka tsorata. Lokacin soja ne, akwai kalmomin da ba a faɗi da ƙarfi. Wani mai wucewa ya ji Illa yana ihu cewa gobe sai mun kifar da sarki mun kama birni, ya leƙo ya ga zane a ƙasa, ya kai magana. Washegari sai ga wani gardi na hukuma da kakinsa a bakin zaure. Shekara ya taka taswirar da ƙafa yana sharewa, abin da ya ƙara sa mu zama kamar marasa gaskiya. Kai kuwa ka matsa masa wuri a tabarma, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga sarkin da za a kifar," ka nuna masa dunƙulen laka mai ƙahon ƙaya. Ya duba, ya duba. Ka zuba masa ƙwallon dabino a hannu. Ya jefa sau uku, sau uku yana kuskure. Ya miƙe yana karkaɗe wando ya ce wannan sarkin ya fi ƙarfin hukuma, mu ci gaba. Bayan fitarsa ka ɗauki tsinke ka sake zana kogin.

A farko ran dodanni ma tsakuwa ne kamar namu. Abin da ya canza shi, zuwan su Maryama ne.

Daga wani ƙauye bayan Dungu suka zo, bayan dabbobinsu sun ƙare. Mahaifinta, Malam Idrisa, mutum ne da a da rumbunansa suke ciyar da wasu. Ya kama ɗaki a lungunmu, yana tufka igiya yana saƙar tabarma yana kaiwa kasuwa, ranar da aka saya su ci, ranar da ba a saya ba su sha ruwa. Ya rantse ɗansa ba zai tsaya a layin rabon dawar taimako ba, ba zai kuma karɓi kwanon kowa ba. Mahaifiyata ta aika musu da tuwo, aka dawo da shi da godiya mai yawa, ko malmala ɗaya ba a taɓa ba. Ta sake aikawa, aka sake dawowa da shi. Maryama sa'ata ce. Tana da warwaro guda a hannu. Da suka zo a wuyan hannunta yake tsayawa. Kafin wata biyu sai da ta riƙa tura shi sama da gwiwar hannu don kada ya zame ya faɗi. Tana da ƙane, Iliyasu, wanda ya daina kuka, sai dai ya zauna yana kallon mutane.

Takan tsaya a bakin zaurenka tana kallon wasanmu, ba ta shigowa. Ran nan ka shiga cikin gida, ka daɗe, ka fito da ƙoƙo a rufe. Ka ce, "Labari ya zo mini. Dodannin da ke gaba ba irin na baya ba ne. Waɗannan ransu gyaɗa ne. Wanda ya sari dodo, abin da ya zubo nasa ne, a nan zai cinye." Ka jera gyaɗar a gaban dunƙulen laka. Sannan ka ɗaga kai kamar yanzu ka gan ta.

"Ke 'yar Dungu, kin iya riƙe taɓarya?"

Ta ce ta iya.

"To muna neman mai taɓarya. Waɗannan masu takubban ba su da amfani."

Ta ce, "Baba ya hana mu karɓar abin mutane."

Ka ɓata fuska ka ce, "Wa ya ce za a ba ki? Nan ba a kyauta. In kin iya ki ƙwata, in ba ki iya ba dodo ya cinye ki. Tambayi Illa, sau nawa aka binne shi?"

Ta cire takalmi ta zauna.

Na san daga inda gyaɗar ta fito, don babu wata gyaɗa a gidanka sai ita: buhun iri, wanda ka rataye a ɗaka tun kakar da ta wuce waccan, wanda ko A'isha ta yi kuka ba a taɓawa. Ranar ina cikin gida ina taya Inna Saratu tankaɗe, na ji ta tare ka a bayan zana, murya ƙasa-ƙasa.

"Maigida, irin shuka ne fa. In ruwa ya sauka me za ka sa a ƙasa? Tsakuwa?"

Ka ce, "Ba duka zan taɓa ba."

"Haka ake cewa."

Ka juya ka koma zaure. Amma washegari ka zo da sabuwar doka da wani ɗan gora mai marfi. Ka ce kowane dodo yana da zuciya, ita ce gyaɗarsa ta ƙarshe, kuma ba a cin zuciyar dodo. Wanda ya kai saran ƙarshe shi zai ɗauke ta da hannu biyu ya jefa cikin gora. Na lura kullum mafi ƙiba kake zaɓa, mai 'ya'ya cike da ƙwanso. Manyan dodanni har zuciya bakwai kake ba su. Inna Saratu ta leƙa goran ta ce wannan ko gefen gona ba zai shuka ba. Ta faɗi haka, amma daga ranar ita ce take soya gyaɗar da za a ci, da ɗan gishiri, don kada ɗanya ta ɓata wa yara ciki. Zukatan kawai take bari ɗanyu. Wata rana Illa ya faki ido ya jefa zuciya a baki. Ka tsayar da wasa, ka ce to dodo ya sake rayuwa a cikin cikinsa, yau shi ne dodo. Muka taru muka yi ta saransa, yana rantsuwa yana cewa bai haɗiye ba.

Daga nan dokoki suka fara haihuwa. Maryama ba ta da sa'ar jifa, Kawu, ka sani. Hannunta ba ƙarfi, ƙwallayen sai su zube wuri guda a kife. Sai ga dokar baƙo: wanda ba haifaffen garin nan ba ne yana jefa shida, don dodannin nan ba su san hannunsa ba. Sai ga dokar haushi: wanda ya yi kuskure sau biyu a jere, na uku ba sai ya jefa ba, haushi ya kai masa saran. Sai ga dokar taɓarya: taɓarya ba ta yanka, farfasawa take yi, don haka garkuwar dodo ba ta tare ta. Illa yakan yi tsalle.

"Kawu, wallahi jiya babu wannan dokar!"

"Jiya ma ai ba wannan dodon ba ne."

"To ni ma a ba ni taɓarya!"

"Ka ajiye lifidin?"

Ba zai ajiye ba. Shi ke nan sai ya zauna yana gunaguni, yana jiran a zo kansa a ƙarshe.

Da ka lura Maryama tana tauna ɗaya tana ɓoye biyu a bakin zane, ba ka kalle ta ba. Ka ce ka manta ba ka faɗa mana ba, duk jarumin da ba shi da lifidi yana da wurin rataya jaka, yana iya tafiya da ganimarsa gida. Bayan 'yan kwanaki ta zo da Iliyasu a hannu. Ka ce rundunar nan ba ta da mai ganga, ka kifa masa ƙwarya, ka ce mai ganga yana da rabo a kowane sara, ko wa ya kai shi. Ranar da yaron nan ya yi dariya, da Shekara ya harbi Illa a baya bisa kuskure, sai da ka juya kai ka yi kamar kana neman wani abu a aljihu.

Sau ɗaya Malam Idrisa ya zo. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, igiyoyinsa a kafaɗa. Maryama ta daskare da gyaɗa a hannu.

"Cha'ibu, caca kake koya wa 'ya'yan mutane?"

"A'a, Malam. A caca kowa yana zuba nasa. Nan ba mai zuba komai sai dodo."

"Abin da ke hannunta fa?"

"Ganima ce. Da ƙarfinta ta ƙwata, ban so ba. Tun ɗazu take karya mini dodanni."

Ya dubi tabarmar, ya dubi ƙoƙon, ya dubi 'yarsa. Ya daɗe yana dubanka. Sannan ya gyara igiyoyinsa ya tafi, bai ce ta tashi ba.

Ban ce gyaɗa ta mayar da Maryama yadda take a da ba. Tafin hannu guda ne a yini, wani lokaci da ɗan ƙari. Amma warwaron ya daina hawa sama. Kuma ta fara magana, har ta fi Illa baki. In ta ɗaga ƙwallaye takan ce wa dodo, "Kai, matso nan, dakan safe ma ban gama ba."

Dodo na ƙarshe da ka kawo mana shi ne Mahaɗiyi, wanda ya zauna a kan dutsen gabas yana haɗiye hadari tun kafin ya iso gari. Ka yi shi da laka ya fi sauran girma, ka sa masa idanu da fasasshen tangaran. Mun yi tafiya mai nisa kafin mu kai gare shi. Ranar da muka isa gindin dutsen, ka jera ransa a gabansa, tsibi guda, muka yi zagaye biyu. Sai ka dafe goshi ka ce rana ta buge ka, a bar shi nan, kowa ya tuna inda yake tsaye. Ka rufe taswirar da faifai don kada kaji su tona. Ba ka sake zama a tabarmar ba.

Bayan rasuwarka zauren ya zama na masu gaisuwa. Maryama ba ta zo ba sai sau ɗaya, tare da mahaifiyarta, ta zauna nesa da ni. Ni kuwa abin da yake raina, wanda na ji kunyar faɗa a gidan mutuwa, shi ne: yanzu ta ina gyaɗar za ta bi ta kai gare su? Buhun yana nan, da sauransa. Amma in Inna Saratu ta aika da shi a kwano, za a dawo da shi da godiya.

Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, aka ce ana sallama da ni a ƙofar gida. Ni, ba a taɓa sallama da ni ba. Na fita na tarar da Malam Idrisa, da sabuwar tabarma naɗe a hammatarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya yi maka addu'a mai tsawo. Sannan ya dubi ƙasa ya ce:

"An ce wannan dodon na kan dutse bai mutu ba."

Na ce, "E, Malam."

"To. Ba a barin yaƙi a tsakiya." Ya jingina tabarmar da bango. "Waccan ta tsufa. Wannan ni na saƙa. An ce ke kika fi riƙe dokokin."

Kawu, ya sani. Ina jin tun ranar da ya tsaya a bakin ƙofa ya sani. Na so in ce masa ni ba zan iya ba, ni ko yarima ban iya kwancewa ba. Sai muryar Inna Saratu ta fito daga ɗakin da take takaba, ta cikin zana:

"Za a yi, Malam. A turo su bayan la'asar."

Da na koma ciki ta nuna mini buhun da ƙafa, ta ce in sauke. Ya yi sauƙi ƙwarai, da hannu ɗaya na ɗauke shi. Ta miƙo mini goran zukata, shi kuma ya yi nauyi fiye da yadda na zata. Ta ce, "Wannan ki ajiye mini shi inda ɓera ba zai kai ba. Wancan kuwa na dodo ne, ba nawa ba."

Mun koma wasa, Kawu. Na ɗaga faifan na tarar da taswirarka ba abin da ya taɓa ta, har da sawun yatsanka a bakin kogi. Na shimfiɗa sabuwar tabarma. Ban iya zama a wurinka ba, na ɗan matsa gefe. Suka zauna suna kallona, Illa da Shekara da Maryama da mai ganga. Na ce Mahaɗiyi ya buɗe ido. Illa ya ce, "Me kika ce? Ba mu ji ba." Na sake faɗa. Maryama ta ce, a hankali, ba da zolaya ba, "Balki, ƙara murya."

Na rufe ido na tuna yadda kake kumbura wuya. Na ce, "WA YA TAKA MINI DUTSE?"

Iliyasu ya saki ƙwaryarsa ya ɓuya a bayan yayarsa. Wata mai tallan kuka da ke wucewa ta leƙo ta ce lafiya? Illa ya buɗe baki yana kallona, can ya ce, "Biyar. Wallahi wannan biyar ce cif."

Na yi dariya, sai dariyar ta juye ta zama kuka, suka jira ni har na gama. Sannan Maryama ta girgiza ƙwallayenta shida.

Azumi ya kama, don haka na yi dokata ta farko: Mahaɗiyi ba ya fitowa sai rana ta yi sanyi, kuma ganima ba a taɓa ta sai an kira magariba, kowa ya tafi da tasa gida ya buɗe baki da mutanen gidansu. Illa ya ce jiya babu wannan dokar. Na ba shi amsar da ka saba ba shi.

Ban bar Mahaɗiyi ya mutu ba tukuna. Duk sanda suka kusa gamawa da shi sai ya haɗiye wani hadarin ya ƙara rai. Ban san ko abin da ya rage a buhu zai kai mu kaka ba, ina jin ba zai kai ba. Amma shekaranjiya mahaifiyata ta zuba mini wake a ƙoƙon, jiya kuma tsohuwar da kake ɗebo wa ruwa ta aiko da aya, ta ce a ba dodo. Yariman yana nan a ɗaure. Ya ƙara haƙuri, yanzu ba ni da lokacinsa.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata maka kabarinka, Ya sanyaya shi, Ya haskaka shi. Yadda ka ciyar ba tare da ka sa wani ya sunkuyar da kai ba, Allah Ya ciyar da kai daga 'ya'yan itacen Aljanna, Ya suturta ka ranar da asirai suke tonuwa. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Saratu, Allah Ya ba ta haƙuri da juriyar takaba, Ya saka mata da alherin hannunta. Ga A'isha, Allah Ya raya ta, Ya yi mata albarka. In ta girma zan koya mata jifan ƙwallo biyar, in gaya mata wanda ya ƙago shi. Ga mahaifiyata da ta rasa ƙane, da dangi na nan Matameye da na Kurni da na Kance, da abokan cin raninsa da labari bai kai gare su ba saboda iyaka, da duk yaran da suka taɓa zama a tabarmarsa. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya kyautata namu ƙarshen, Ya ba mu damina mai albarka.

Jiya da yamma hadari ya haɗu a gabas, ya yi duhu, ya watse bai zubo ba. Goran yana rataye a inda buhun yake a da. Malam Idrisa ya aiko a gaya wa Inna Saratu, tunda ita ba ta fita, ranar da ruwa ya sauka kada ta nemi kowa: shi zai yi saran shuka a gonarka, mu kuma mu bi bayansa da zukatan.

Allah Ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.

'Yarka, kuma uwarka,
Balki